Haɗin Harshe da Rami: Yadda Ake Haɗa Katako Ya Daɗe



Idan kaka ta yi, aka ɗaure hatsi, aka sayar da wake da gujiya, magidanci yakan sami ɗan abin hannu. Wani ya sayi benci. Wani ya sayi ƙyauren ɗaki. Wani kuma ya yi wa ƴarsa gadon aure. A kasuwar Tasawa ko ta Mayahi, kayan suna ta sheƙi da sabon fenti. Amma kafin hunturu ya wuce, sai a ga benci ya fara rawa, ƙyaure ya sunkuya yana jan ƙasa. Mai gida ya ɗauko ƙusa ya buga, katako ya tsage. Ya ƙara wata, tsagar ta ƙaru. Kafin damina ta zagayo, kayan sun koma murhu.

Hasarar nan kashi uku ce. An yi hasarar kuɗi. An yi hasarar itace, domin sai an sake sare wani. Ana kuma iya hasarar lafiya, idan benci ya karye da tsoho, ko ƙusa ta soki yaro.

Darasinmu na yau a kan wata dabara ce ta haɗa katako biyu su riƙe juna shekara da shekaru. Muna kiran ta haɗin harshe da rami. Abin da za mu riƙe tun daga farko shi ne: ƙarfin haɗi yana ga busasshen itace da awo na daidai. Gam mataimaki ne kawai.

Abin da manomi ya riga ya sani

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Dubi gatarinka. Maƙeri ya yi wa ƙarfen wutsiya. Masassaƙi ya huda ƙota. Wutsiyar ta shiga ramin ta zauna daram, babu ƙusa, babu gam. Idan ramin ya yi yawa, ƙarfen zai fice a tsakiyar aiki. Idan ramin ya yi kaɗan aka tilasta shi, ƙota ta tsage.

Haka yake tsakanin katako da katako. Ana fafe rami a jikin guda. Ana sassaƙe bakin ɗayan ya zama harshe. Harshen ya shiga ramin.

Ga sunayen da za mu yi amfani da su:

Rami: wurin da aka fafe mai kusurwa huɗu.
Harshe: bakin katakon da aka rage domin ya shiga rami.
Kumatu: ɓangarori biyu masu faɗi na harshe.
Kafaɗa: dakalin da ya rage a gindin harshe, wanda ke tokare jikin ɗaya katakon.

Mutanen da sun daɗe da sanin wannan aiki. A ƙasar Jamus an tono tsofaffin rijiyoyi da aka ɗaure da katako ta wannan hanya, shekarunsu sun kai 7000. A ƙasar Masar, a shekarar 1954, an gano jirgin ruwan Fir'auna Kufu binne a gefen babbar dalar Giza. Shekarunsa kamar 4500 ne. Da harshe da rami da igiya aka haɗa katakansa.

Me ya sa haɗi ke sakewa?

Itace yana shan laima, yana kuma fitar da ita, ko da an daɗe da sare shi. Da damina yakan kumbura. Da hunturu da bazara yakan tsuke. Tsukewar a kauri da faɗi take. A tsawo kuwa kaɗan ce ƙwarai.

Manomi ya san wannan. Da rani ƙarfen gatari yakan yi sako-sako, sai a jiƙa ƙotar a ruwa ta kama. Amma kamun na ɗan lokaci ne. Da ta bushe sai ta sake, har ta fi da.

A gundumomin Tasawa da Mayahi damina gajera ce, rani dogo ne, iskar hunturu kuma busasshiya ce ƙwarai. Saboda haka idan aka yanke harshe a ɗanyen itace, zai cika raminsa a ranar farko. Bayan wata biyu ya rame, ya bar fili. Daga nan benci ke fara rawa. Babu gam ɗin da zai hana wannan.

Zaɓen itace

Ba kowane itace ya dace da haɗi ba.

Ƙirya tana da tauri da nauyi, gara ba ta cin ta da sauƙi. Shi ya sa ake turmi da ita. Amma ta yi ƙaranci, ya kamata a tausaya mata.
Aduwa tana da ƙarfi da laushin sassaƙa. Da ita ake allon karatu da ƙotoci.
Bagaruwa tana da tauri, tana jure wahala.
Bedi, wato dogon yaro, yana ko'ina a garuruwanmu. Yana saurin girma, ƙwari kuma ba su cika damunsa ba. Ya dace da benci da tebur da ƙyaure.
Gawo kuwa itacensa ba shi da ƙarfi, ƙwari na huda shi. Amfaninsa yana tsaye a gona ya fi yawa: yana ba ƙasa taki, yana ba dabbobi abinci.
Goriba, wadda ta yi yawa a kwarin Gulbin Kaba, ta dace da rufin ɗaki. Amma jikinta zare-zare ne, ba ta karɓar ƙaramin rami mai tsabta.

Akwai kuma katakon kanti da ake kawowa daga ƙasashen kudu. Jan katako ya fi ƙarfi da tsada. Farin katako yana da sauƙin aiki da araha, sai dai gara na son sa, kuma bai dace da ƙafar da za ta ɗauki nauyi mai yawa ba.

Mu tuna da wahalar da aka sha kafin itatuwa su dawo gonakinmu. Bayan farin shekarun 1973 da 1984, wurare da yawa sun zama fili fetal. Tun daga shekarar 1983 aka fara koya wa manoman jihar Maraɗi sassaben zamani, wato barin toho ya girma a gona ana yi masa aski. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kamar miliyan 200 suka tashi a kudancin Nijar. Dokar daji ta shekarar 2004 ta kare wasu itatuwa, har da gawo. Don haka kafin a sare babban itace, a nemi shawarar ma'aikatan gandun daji. Sau da yawa reshe mai kauri ya isa aikin, uwar ta ci gaba da rayuwa. Benci guda da ya shekara 20 ya ceci itatuwan benci biyar masu mutuwa da wuri.

Busar da itace

1. A ɓare ɓawon, domin ƙwari a ƙarƙashinsa suke ɓuya.
2. A tsaga ko a yanka itacen kusa da girman da ake so.
3. A shafa tsohon fenti a bakunan biyu. Baki ya fi saurin bushewa, daga nan tsagewa ke farawa.
4. A jera a inuwa, inda iska ke ratsawa. Rana tsaye tana fasa itace.
5. A ɗora a kan duwatsu, kada ya taɓa ƙasa, saboda gara.
6. A sa ƴan sanduna tsakanin jeri da jeri.

Bushewa tana ɗaukar watanni. Mai kauri ya fi daɗewa. Ga hanyar ganewa: a ware guntu ɗaya, a riƙa auna shi a sikeli duk mako biyu, ana rubuta nauyinsa a takarda. Ranar da nauyin ya daina raguwa, itace ya bushe. Ga amfanin karatu da lissafi ke nan.

Kayan aiki

Ana bukatar zarto, da kurfi wanda wasu ke kira cizal, da guduma ta itace, da mita, da fensir, da ma'aunin kusurwa, da abin huda katako, da igiya mai ƙarfi. A wasa kurfi sosai kafin a fara. Dakusasshen ƙarfe yana murƙushe itace maimakon ya yanke shi.

Awo

Ƙa'idar mai sauƙi ce: kaurin harshe ya zama kashi ɗaya cikin uku na kaurin katakonsa.

Mu ɗauki misalin benci. Ƙafarsa santimita 6 ce ta kowane gefe. Katakon da zai gitta ya haɗa ƙafafu yana da kaurin santimita 3, da faɗin santimita 8.

Kaurin harshe: 3 a raba 3, ya ba da santimita 1.
Faɗin harshe: a rage santimita 2 daga sama, santimita 1 daga ƙasa. Saura santimita 5.
Tsawon harshe: santimita 4.
Rami: santimita 1 a kan 5. Zurfinsa santimita 4 da milimita 2.

Me ya sa aka rage 2 daga sama? Domin kada rami ya kusanci kan ƙafa. Idan naman da ya rage a sama siriri ne, zai fashe. Me ya sa aka ƙara milimita 2 a zurfi? Domin gam ɗin da ya yi saura ya sami wurin zama, kafaɗa kuma ta iya rufewa.

Idan harsuna biyu za su shiga ƙafa ɗaya ta gefe biyu, a sa ɗaya sama, ɗaya ƙasa, kada su yi karo a ciki.

A auna sau biyu kafin a yanka. Abin da zarto ya ci ba ya dawowa.

Fafe rami

Rami ake fara yi, sannan harshe. Dalili kuwa, rage harshe ya dace da rami ya fi sauƙi.

1. A zana ramin da fensir mai tsini.
2. A danne katakon kada ya motsa. Ana iya zama a kansa.
3. A fara sara daga tsakiya, ana matsawa zuwa bakuna kaɗan-kaɗan.
4. A riƙe kurfi a miƙe, kada ya karkata.
5. A fitar da ɓarɓashi, a sake sara, har a kai zurfin da ake so. Ɗaura zare a jikin kurfi yana nuna inda za a tsaya.
6. Sai a ƙarshe ake gyara bakunan biyu daidai kan zane.

Mai abin huda katako yana iya fara jera huji a cikin zanen, sannan ya share da kurfi. Wasu kan huda da jan ƙarfe daga wuta, kamar yadda ake yi wa ƙota. Wannan bai dace da haɗin gam ba. Gam ba ya kama gawayi.

Yanke harshe

1. A zana layin kafaɗa ya zagaye katakon ta gefe huɗu, da ma'aunin kusurwa.
2. A zana kaurin harshe a baki da gefuna.
3. A yanka kumatu da zarto. Zarton ya bi ta wajen layi, ta ɓangaren da za a zubar. Gara harshe ya ɗan yi kauri a rage shi, da ya yi siriri.
4. A yanka kafaɗu. Kada zarto ya zarce ya ci gindin harshe, domin nan ne ƙarfinsa yake.
5. A ɗan kankare kaifin bakin harshe don ya sami hanyar shiga.

Gwaji kafin gam

Kada a taɓa gam sai an gwada haɗin a bushe. Haɗi mai kyau yana da alamu uku.

Ta farko: harshe yana shiga da turin hannu, ko da ɗan bugu kaɗan na gudumar itace.
Ta biyu: idan aka ɗaga katakon sama, ɗayan ba ya faɗowa.
Ta uku: kafaɗu sun zauna lif, haske ba ya ratsawa.

Idan ya ƙi shiga, kada a tilasta. A shafa baƙin fensir a cikin ramin, a tura harshen, a zare. Inda baƙi ya fito a kumatu, nan ne ya cije. A kankare wurin kaɗan, a sake gwadawa.

Idan ya yi sako-sako, a manna siririn fallen itace a kuncin harshe da gam. Washegari a sake sassaƙe shi daidai. Cusa tsumma ko garin zarto yaudarar kai ce.

A harhaɗa bencin gaba ɗaya a bushe. A auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantar ta, ta hanyoyi biyu. Idan awon biyu ya zo ɗaya, aikin bai karkace ba. A sa wa kowane harshe da raminsa lamba: 1 da 1, 2 da 2. Sannan a kwance.

Shafa gam

Farin gam na kafinta shi ne ya dace. Gam ɗin masu gyaran takalmi, mai ƙarfin wari, bai dace ba: yana kamawa tun harshe bai gama shiga ba, kuma yana talewa. Ƙaro ma bai dace ba, domin laima na narkar da shi.

1. A yi aikin a inuwa, da safe ko da yamma. Zafi da iskar hunturu suna busar da gam da sauri.
2. A kakkaɓe ƙura daga rami da harshe. Gam ba ya kama ƙura, ko mai, ko fenti.
3. A shirya igiya da guduma da jiƙaƙƙen tsumma a kusa, tun ba a buɗe gwangwani ba.
4. A shafa gam da tsinke a bangon rami da kumatun harshe. Shafi siriri, amma ya game ko'ina. A kumatu gam yake riƙo. Bakin harshe shanye shi kawai yake yi.
5. Kada a cika ramin da gam. Idan ya rasa mafita, zai hana harshe shiga, ko ya fasa katako.
6. A haɗa nan da nan, cikin minti 5.
7. A matse. Wanda ba shi da abin matsi na ƙarfe ya zagaya igiya ribi biyu, ya sa sanda a tsakani ya murɗa har ta ɗaure. A sa guntun katako ƙarƙashin igiyar kada ta ci jikin aikin. Robar cikin taya ma tana yi.
8. A sake auna kusurwoyi tun gam bai kama ba.
9. A goge wanda ya tsattsafo da jiƙaƙƙen tsumma.
10. A bar matsin aƙalla awa ɗaya. Kada a zauna a kai sai bayan awa 24.

A rufe gwangwanin gam da kyau, a ajiye shi wuri mai sanyi. Gam ɗin da ya yi gudaji ko ya yi tsami ya mutu, kada a yi aiki da shi.

Kayan da ke kwana a waje

Yawancin farin gam ba ya jure ruwan sama. Ƙyauren garka, da ƙofar garke, da katakon amalanke suna bukatar abin da ya fi gam. Akwai dabara biyu.

Ta farko ita ce ƙusar itace. A huda ƙafar, hujin ya ratsa ta ramin, harshe yana waje. A sa harshe, a yi masa alama ta cikin hujin. A zare shi, a huda shi milimita 1 ko 2 kusa da kafaɗa fiye da alamar. A faskara busasshen itace mai tauri, a fiƙe shi ya zama ƙusa. Idan aka buga ta, za ta jawo harshen ciki, kafaɗa ta matse da kanta.

Ta biyu ita ce matoshi. Nan rami yakan fasa har ɗaya gefen, harshe ya leƙo. A yi wa harshen tsaga da zarto kafin a sa shi. Bayan ya shiga, a buga siririn itace mai siffar bakin gatari a cikin tsagar. Harshen zai buɗe ya cika ramin. A lura da kyau: matoshi ya tura harshen wajen tsawon katakon mai rami, wato sama da ƙasa. Idan ya tura gefe da gefe, zai faskara katakon kamar itacen wuta.

Gyaran tsohon benci

Benci mai rawa bai mutu ba. A zare ƙusoshin da aka buga masa. A kwance haɗin a hankali. A kankare tsohon gam har sai farin itace ya fito, domin sabon gam ba ya kama tsoho. A ƙara wa harshen falle idan ya rame. A gwada a bushe, a shafa gam, a matse. Ƴan ajin yaƙi da jahilci na ƙauye ɗaya suna iya gyara bencinan ajinsu duka a yini biyu, da gwangwanin gam guda.

Kula da lafiya

Hannu biyu su kasance bayan bakin kurfi. Kada a sara ana fuskantar jiki, kada a riƙe katako a cinya.

A tsince tsofaffin ƙusoshi a zuba a gwangwani. Yaranmu da yawa suna yawo ba takalmi. Ƙwayar cutar tetanus, wadda ke sandarar da jiki ta ɗaure muƙamuƙi, tana zaune cikin ƙasa da kashin dabbobi. Ta rauni take shiga, musamman mai zurfi irin na ƙusa. Cuta ce mai kisa, amma tana da allurar rigakafi.

Wanda ya ji rauni ya wanke shi da ruwa mai tsabta da sabulu. Ya danne da tsumma mai tsabta har jini ya tsaya. Kada a zuba ƙasa, ko toka, ko kashin shanu. Idan raunin mai zurfi ne, a tafi likita a ranar, kada a jira gobe.

Idan garin zarto ya shiga ido, kada a murza. A wanke da ruwa mai yawa. A ajiye gam da kayan kaifi inda yara ba za su kai ba.

Ga mai saye

Ba kowa ne zai zama kafinta ba, amma kowa na sayen kayan katako. Ko a Kanambakashe kake, ko Urafan, ko Korgom, ko Maijirgi, kafin ka biya ka yi abu huɗu.

Ka dafa kayan ka girgiza, ka ji ko suna motsi.
Ka juya su ka dubi ƙarƙashi, inda fenti bai kai ba.
Ka duba kafaɗu: shin sun zauna, ko an cike fili da garin zarto?
Ka tambayi mai aikin: yaushe aka sare itacen nan? Ɗanyen itace yana da nauyi da sanyi a hannu.

Kafinta mai gaskiya ba ya jin haushin tambaya. Idan ya ce aikin harshe da rami ya fi na ƙusa tsada, gaskiya ya faɗa, domin ya fi cin lokaci. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Ka lissafa kuɗin benci uku masu karyewa, ka gwada da kuɗin guda mai daɗewa.

Tambayoyi domin tattaunawa a aji

1. Me ya sa haɗin ɗanyen itace ke sakewa da hunturu?
2. Katako yana da kaurin santimita 6. Nawa ne kaurin harshensa?
3. Harshe yana da tsawon santimita 5. Nawa ne zurfin raminsa?
4. Faɗi alamu uku na haɗi mai kyau.
5. Waɗanne itatuwa ne suka ragu a garinku? Me za ku yi don su dawo?

Aikin wannan mako: kowane ɗalibi ya samo guntayen busasshen katako biyu, ya auna, ya rubuta awon a littafinsa, ya gwada haɗi ɗaya. Na farko ba zai yi kyau ba. Na biyar zai fi. Sannu ba ta hana zuwa.

Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka. Sai darasi na gaba.